ZARE: A Lekki ka biya shiru, a gaban mai masa ka tsaya ciniki

1/
Yau zan taɓo ƴan uwana ƴan Arewa masu zuwa gidajen abincin ƙasashen waje a Legas. Mai saurin fushi ya tanadi ruwan sanyi. Maganata ɗaya ce: mu ne muke cika tukunyar garin nan ta ƙofar baya, sannan mu zagayo ta ƙofar gaba mu biya ninkin-ba-ninki, har muna godiya. Ku biyo ni.

2/
Bari in fara sallamar masu shirin cewa "ai dama cin abincin baƙi lalacewar tarbiyya ne." Ba tafiyarmu ɗaya da ku ba. Ni ma ina ci. Ina son biryani, ina son hummus da gurasar ƴan Labanan mai zafi. Wanda kuma ya ce min kifin da Sinawa ke turarawa da citta ba daɗi, to harshensa ne ke da matsala.

3/
Legas garin bakin teku ne. Ga tashar Apapa, ga Tin Can da aka buɗe a 1977, ga ta Lekki da aka ƙaddamar a 2023. Jirgin ruwa kuwa ba kwantena kaɗai yake saukewa ba, har da mutane. Mutum kuma duk inda za shi da girkin gidansu yake tafiya.

4/
Tun ƙarni na 19 bayin da suka samu ƴanci suka dawo daga Burazil, waɗanda ake kira Aguda, suka zo da frejon, wake da madarar kwakwa, wanda har yau ana dafa shi a Legas lokacin Ista. Ƴan Labanan suka biyo baya a ƙarshen ƙarnin. Sai Indiyawa, sai Sinawa. Shawarmar da kake ci a Zoo Road, ta hannun ƴan Labanan ta shigo ƙasar nan.

5/
Kai mai kare "abincin gargajiya" kuma, zauna. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono, dankali, duk asalinsu nahiyar Amurka ne, jirgin ruwa ya kawo su Afirka. Cire su daga kicin ɗin mahaifiyarka ka faɗa min me ya rage. Babu ƙuli-ƙuli, babu yajin tsire, babu jar miya.

6/
Gurasa da alkaki da shayi, ko sunayensu daga Larabci suke. Indomie ɗin da mai shayi ya mayar tamkar gadon gidansu, ƴar Indonesiya ce. Mun daɗe muna karɓar abincin baƙi muna mayar da shi namu, kuma ba mu mutu ba. Saboda haka ci ba shi ne laifi ba. Abin da ke ƙona min rai daban ne.

7/
Ka je kasuwar Mile 12 da asuba ka ga abin da nake nufi. Tirela bayan tirela. Tumatir daga Kura da Kadawa da Ɗanja. Albasa daga Aliero da Sakkwato. Tattasai da attaruhu daga fadamun Jigawa da Yobe. Citta daga kudancin Kaduna. Yaren da ake ciniki da shi a wajen sauke kaya, yawanci Hausa ce.

8/
Ka ƙarasa mayankar Oko-Oba a Agege. Shanun daga Potiskum suke, daga Maigatari, daga Mubi, wasu ma daga Nijar da Chadi suka tsallako. Sun yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye a tsaye cikin mota, yaran da ke rakiyarsu suna kwana a saman katako, ana tatsarsu a kowane shinge.

9/
Mai sayen cefanen gidan abincin Indiya ba daga Mumbai yake oda albasa ba. Kukun gidan Sinawa ba daga Shanghai ake aiko masa attaruhu ba. Akwai abin da suke shigowa da shi ta ruwa, irin su cuku da taliyar Italiya da kifin salmon. Amma ɗanyen kayan miya na kullum, hannun mutanenmu ya bi.

10/
Kun tuna ƙarshen Fabrairun 2021? Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu. Cikin ƴan kwanaki farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabi a Legas. Mu kuma a nan muna ta murna wai yanzu an san darajarmu.

11/
Amma wa ya fara kuka? Manomi. Tumatir ya cika kasuwannin Arewa, farashi ya faɗi warwas, kwanduna suna ruɓewa a gefen titi. Kimanin mako guda aka janye. Darasin da muka ƙi ɗauka shi ne: mai ɗanyen kaya ba shi da ƙarfin jira. Ribar tana hannun wanda ya dafa ya zuba a faranti.

12/
Ga riɗi. A Jigawa da Nasarawa da Binuwai ake noma shi, a zuba a buhu, a loda a kwantena, ya fita ta Apapa zuwa Japan da Turkiyya da Chaina. Can a matse mai, a niƙa tahini. Hummus ɗin da ka ɗauka hoto jiya, wake ne irin na Larabawa da niƙaƙƙen riɗi da lemon tsami da tafarnuwa. Riɗi fa, na kantu.

13/
Zoɓon Jigawa da Kano, Meziko ake kai shi kwantena-kwantena suna jiƙa abin shansu. Ayar Nijar tana zuwa Sifen, inda suke yin wani farin abin sha mai suna horchata, ɗan uwan kunun aya na jini. Idan aka zuba maka zoɓo a dogon kofi da ƙanƙara da sunan Turanci, za ka biya kuɗin da zai sayi kwano guda a Dawanau.

14/
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To wannan ita ce ƙofar baya. Yanzu mu zagayo ta gaba, inda mai gadi ke buɗe maka ƙofa yana ce maka "sa".

15/
Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce abin da ka zaɓa a menu ya kama naira 40,000. Harajin VAT kashi 7.5, wato 3,000. Harajin da jihar Legas ke karɓa a otal da gidajen abinci kashi 5, wato 2,000. Kuɗin sabis da wurare da yawa ke ɗorawa kashi 10, wato 4,000. Takarda ta zo: 49,000.

16/
Me ka ce? Ba komai. Ka miƙa kati kana murmushi, gabanka na faɗuwa. Ba ka tambayi dalilin ƙarin 9,000 ba, don kada budurwar da ka kawo ta ce kai baƙauye ne. Ka fito da yunwarka, ka tsaya wajen mai shayi a hanyar masauki. Ƙarya nake?

17/
Ban ce sun cuce ka ba. Hayar gini a Victoria Island ba wasa ba ce. Janareta na shan dizal dare da rana. Akwai albashin kuku, akwai firiza, akwai kuɗin fito da kaya daga tasha. Sun lissafa wahalarsu sun sa mata farashi, kai kuma ka yarda wahalar tasu ta cancanci kuɗi. Daidai ne.

18/
Washegari da safe kai ɗin dai kana Agege gaban mai masa. "Haba Hajiya, masa ta yi tsada fa. Ba ragi? To ƙara min gyara. Miyar ma ki ƙara." Mutumin da ya bar 9,000 jiya bai ce uffan ba, yau yana jan magana a kan naira 200. Wallahi abin nan na ba ni kunya.

19/
Ka san aikin masa kuwa? A jiƙa shinkafa, a kai niƙa, a haɗa da dafaffiya, a bar ƙullu ya kwana ya tashi. Ta farka tun kafin kiran assalatu, ta hura wuta, ta zauna gaban tanda tana juya su ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi na cin idonta. Ga miyar taushe da kabewa da alayyafo da gyaɗa. Wannan duk ba aiki ba ne?

20/
Abin da ka ƙi biya da daraja, ba mai zuba jarinsa a ciki. Duk attajirin da ya ga yadda muke ciniki a kan tuwo ya san in ya kama haya a Lekki ya sa esi ya ce malmala da miyar kuka da naman rago 15,000, mu ne farkon masu zaginsa. "Tuwon da ake ba almajiri?" Haka za mu rubuta a ƙasan hotonsa.

21/
Yanzu ga wadda ta fi kuɗi nauyi. Da yawanmu muna shiga wuraren nan ba ma tambayar abin da aka zuba a tukunya. Ba don ba mu damu da halal ba. Kunya ce kawai, kada a ce ba mu waye ba. Ni ba malami ba ne, hukunci na malamai ne. Amma ga abin da ke cikin girkin, ka je da saninka.

22/
Gidan Japanawa: miyar teriyaki ta asali da mirin da sake ake haɗa ta, dukkansu giyar shinkafa ce. Romon ramen da ake kira tonkotsu, ƙashin alade ake dafawa awanni har ya yi fari. Ko da yankan kaza aka ɗora a sama, romon yana nan yadda yake.

23/
Gidan Sinawa: akwai giyar girki mai suna Shaoxing da ake jiƙa nama da ita, ana kuma ɗiga ta a suya. Ƴan ƙullin fulawar nan na dim sum, da yawansu naman alade ne a ciki, ko an gauraya shi da jatan lande. Fried rice ma wani lokaci da gutsattsarin naman alade yake zuwa in ba ka hana ba.

24/
Gidan Italiyawa: carbonara ta asali da kumatun alade ake yin ta. Pepperoni na kan pizza in ba a rubuta na sa ba ne, ka tambaya. Risotto da farar giya ake fara shi. Tiramisu sau da yawa akwai giya a ciki. Ko shawarmar kan titi, wannan sosej ɗin da ke tsakiya, ka taɓa tambayar naman mene ne?

25/
Masu cewa "ai wuta na ƙone giyar", ba duka take ƙonewa ba. Ya danganta da tsawon dahuwa da faɗin tukunya, kuma abin da aka soya cikin minti biyu bai samu wannan lokacin ba. Tiramisu kuwa ko wutar ba ya gani.

26/
Na taɓa tambaya a wani gidan abinci a Ikoyi ko akwai giya a miyar naman da na zaɓa. Abokin tafiyata har taka min ƙafa yake ta ƙarƙashin tebur wai ina kunyata shi. Mai sabis ya shiga kicin ya dawo ya ce akwai, amma kuku zai yi min wata babu ita. Minti biyu maganar ta ɗauka. Abokin nawa, da ya riga ya yi odar irinta, ya yi tsuru-tsuru.

27/
Bature ya shigo ya ce jikinsa ba ya son gyaɗa, kicin gaba ɗaya ya kiyaye. Ba'indiye ya ce ba ya cin nama, a nuna masa shafinsa daban a menu. Ba wanda ya kira su ƙauyawa. Kai da kuɗinka da addininka kake jin nauyin buɗe baki? Matambayi ba ya ɓata, ɗan uwa.

28/
Mu koma kan namu. Ba jiya muka zo Legas ba. A 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda ake lissafawa cikin tushen sojan Najeriya. Layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Obalende, Agege, Idi-Araba, duk akwai zuriyar da kakanninsu a nan aka binne su.

29/
Shekara sama da 160, kuma abin da muka ba garin ya karɓu. Ba ɗan Legas da bai san suya ba. Glover Court a Ikoyi da University of Suya a Allen Avenue, layi ake yi. A farkon 2025 aka sanar kalmar "suya" ta shiga ƙamus ɗin Oxford. Manyan otal da yawa sun sa ta a menu.

30/
To ina mai suyan? Mafi yawansu suna waje, bakin get, gefen kwata, da tukuba da fitila da tsohuwar jarida. A ciki ana sayar da tsinke uku a farantin tangaran da sunan sana'arsa, da yajin da wataƙila a wurinsa aka saya. Shi kuma ranar da hukuma ta zo rusau, teburinsa ake fara jefawa a mota.

31/
Gwada wannan. Ka yi baƙo daga Dubai ko Landan, kuna Victoria Island, ya ce yana son cin abincin mutanenka. Na Labanan za ka lissafa masa biyar ba ka numfasa ba. Na Indiya haka, na Chaina haka. Ina za ka kai shi ya ci dambu da funkasau da miyar taushe a zaune cikin mutunci? Ban ce babu ko ɗaya ba. Ƙirga su da yatsu ka gani.

32/
Kada ka ce ai abincin gida ba ya shiga irin wuraren nan. Yarabawa sun ɗauki amala da ewedu da gbegiri sun kai su gini mai esi, manyansu na zuwa da manyan motoci suna ci da hannu. Mutanen Kalaba sun yi haka da afang da edikang ikong. Inyamurai sun yi da nkwobi da isi ewu. Ba su jira kowa ya ba su izini ba.

33/
A Landan akwai Adejoké Bakare, wadda ta taso a Kaduna. Gidan abincinta Chishuru ya samu tauraron Michelin a 2024, ita ce baƙar mace ta farko da ta samu a Birtaniya. Cikin abin da ta ɗora wa Turawa a tebur har da sinasir. Sinasir dai da kuka sani, na ranar suna. Allah ya ƙara mata ɗaukaka. Mu da muka gada fa?

34/
Pierre Thiam, kuku ɗan Senegal, ya ɗauki acca ya kai ta manyan kantunan Amurka da sunan fonio, ya rubuta littafin girki sukutum a kanta. Accar da ake nomawa a Filato da Bauchi da kudancin Kaduna, wadda mu sai likita ya ce mutum na da ciwon suga muke tunawa da ita.

35/
Wasu ma gwamnatinsu ce ta tsaya musu. A 2002 Tailan ta fito da shiri na musamman don yawaita gidajen abincinta a duniya. Senegal ta kai dafa-dukar shinkafa da kifinta, ceebu jën, cikin kundin UNESCO a 2021. Kodebuwa ta kai attiéké a 2024. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista da sunan ƙasarta.

36/
Amma ba zan ɗora wa gwamnati duka ba. Laifi tudu ne. Masu gidajen abincinmu, ku ma ku ji: ƙuda a kan nama, bokitin wanke hannu ɗaya tun safe, banɗaki ba ya shiguwa, ƙarfe 2 na rana a ce "miyar ta ƙare." Yau gishiri ya yi yawa, gobe babu. Wanda ya biya 49,000 jiya, rabin kuɗin tsafta da natsuwa ya saya. In kana da kyau ka ƙara da wanka.

37/
Sannan mun raina sana'ar kanta. Saurayi ya ce zai koyi girki, gida a tashi masa, abokai su fara yi masa kallon ɗan daudu. Su ɗin dai za ka gani a Lekki suna roƙon ɗaukar hoto da wani mai farar hula wai shef. Yarinya ta iya girki kamar me, a ce ta adana wa miji. Attajiranmu kuma daga gidan mai sai filaza.

38/
Akwai masu ƙoƙari, kuma yawancinsu mata ne. Suna dafawa daga kicin ɗin gida a Agege da Ajah da Surulere, suna tallata dambun nama da masa da fura a Instagram, ɗan acaɓa na kaiwa. Ba jari, ba shago. Saƙon da ya fi yawa a akwatinsu daga wajenmu: "Hajiya nawa za ki bari?"

39/
Na san amsar da ke zuwa: "kuɗina ne, inda na ga dama zan kashe." Gaskiya ne, ba wanda ya riƙe maka hannu. Ka ci sushi, ka koyi riƙe tsinkayen Sinawa, ka ɗora a sitatus. Ni dai abin da na ƙi shi ne ka zama mai kyauta a teburin baƙo, marowaci a gaban tandar ƴar uwarka.

40/
Ga abin da nake roƙo, ba shi da wuya. In ka shiga nasu, karanta takardar kuɗi kafin ka miƙa kati, ka kuma tambayi abin da ke cikin tukunya da muryar da za a ji. In ka zo namu, biya farashin da aka faɗa in ya yi maka, in bai yi ba ka wuce ba tare da wulaƙanci ba. In ka ga ƙazanta ka faɗa wa mai wurin a fuskarsa.

41/
Masu kuɗinmu da ke Apapa suna fitar da riɗi da zoɓo da citta: cikinku mutum ɗaya ya ware kuɗin kwantena guda ya nemi matan nan na lamba 38. Wuri mai tsafta, akushi da ludayi masu kyau, awo ɗaya kullum, a buɗe a kan lokaci. Garin da ke yin layi a kan tsire zai yi layi a kan masa.

42/
Yanzu naku. Wanda ya san inda ake tuwo ko masa ko dambu mai kyau a Legas, ya ajiye sunan wurin da unguwa a ƙasa, mu je mu saya da kuɗinmu ba ragi. Masu zagi kuma bismillah, fili naku ne. Amma kafin ka fara, faɗa min nawa ka biya a fitarka ta ƙarshe, da nawa ka ba mai ƙosai da safe.